Gyambon ido ga mai keratokonus: farin ɗigo ɗaya, cututtuka daban-daban

Mai keratokonus, wato cutar da ke sa gaban ido ya sirance ya yi tsini, ya saba da idon da ba ya gani sosai. Ya saba da fitilun mota suna rarrabuwa biyu uku da dare, ya saba da canza tabarau shekara-shekara ba a dace ba, ya saba da lens mai tauri, tabaran nan da ake mannawa a kan ido, da ke ɗan sukarsa in yamma ta yi. Wannan sabawar ce ke cutarsa ranar da gyambo ya fito a idon. Ido ya yi ja yana zubar da ruwa, haske na sukarsa, sai ya ce ai lens ne, bari in hutar da idon zuwa gobe. Gari ya waye ya duba madubi, ya ga wani ɗan farin ɗigo a kan baƙin idon, bai fi kan allura ba.

A idon mai keratokonus, wannan ɗigon yana iya zama abu huɗu ko biyar mabambanta, kuma maganin da ke warkar da wani daga cikinsu shi ne ke huda idon in aka ɗiga shi a kan wani. Kama da wane ba ta wane. A nan duk wuyar sha'anin take.

Abin da muke kira baƙin ido ba a waje yake ba. Akwai wani tantani garai-garai da ya rufe shi kamar gilashin agogo, likitoci suna ce masa koniya. Faɗin koniya bai wuce milimita 12 ba, kaurinta a tsakiya kuwa rabin milimita ne da ɗan ɗoriya, wajen maikuron 540 (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Duk da ƙanƙantarta, kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske a ido ita ke yi. Babu jijiyar jini a cikinta, shi ya sa take garau, amma kuma shi ya sa in ƙwayar cuta ta shiga, garkuwar jiki ba ta isa wurin da wuri, maganin da aka haɗiya ma ba ya kaiwa yadda ake so. Jijiyoyin jin zafi kuwa cunkus suke a cikinta, dalilin ke nan ɗan ƙurar da ba a ko gani yake hana mutum sakat.

Hawa-hawa aka yi ta. A sama akwai siririyar fata mai kaurin maikuron 50, wadda ke sabunta kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Ƙarƙashinta akwai naman koniyar, zaruruwan kolajin ne jere reras, su ne kashi 90 cikin 100 na kaurin. Can baya kuma akwai wani tantani mai suna Descemet, da wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne kwashe ruwa daga naman don kada ya jiƙe ya yi hazo. Idan fatar sama ce kaɗai ta ɓare, ƙujewa ce, tana rufewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ɓarewar ta kai ga naman ya fara ciwuwa, an shiga gyambo.

Keratokonus kuwa rauni ne a wannan naman. Zaruruwan ba su riƙe juna da ƙarfi ba, sai koniya ta riƙa sirancewa tana turowa gaba, ta yi tsini kamar kan ƙwai. Wani likita ɗan Ingila, John Nottingham, shi ya fara bayaninta dalla-dalla a 1854. Takan fara ne a shekarun balaga, ta yi ta ci gaba har wajen shekara talatin ko arba'in sannan ta lafa. An daɗe ana cewa mutum ɗaya ne cikin 2,000 ke da ita, bisa wani tsohon bincike na Amurka, amma wani da aka yi a Holan a 2017 ya samu ɗaya cikin 375. A kan tsinin nan, kaurin koniya yana iya sauka zuwa maikuron 400, ko 350, ko ƙasa da haka. Ramin da koniya mai lafiya za ta jure, wannan ba ta da naman jurewa.

Sai dai keratokonus ita kanta ba ta haifar da gyambo. Ba ƙwayar cuta ba ce, ba ta yin mugunya. Abubuwan da ke zagaye da ita ne ke kawo shi, kuma abin takaici, wasu daga cikinsu magungunanta ne.

Na farko kuma mafi yawa shi ne lens, wato tabaran nan da ake mannawa a kan ido. Wanda ke sa lens don kwalliya ko don ya gaji da tabarau, in idonsa ya yi ja sai ya cire ya ajiye. Mai keratokonus ba shi da wannan gatan. Da yawansu in ba lens mai tauri a ido, ba sa gane fuskar mutum daga nesa, ba tuƙi, ba karatu, ba aiki. Saboda haka sukan kwashe awa goma sha huɗu ko sha shida da shi, su ci gaba da sawa ko da idon na kuka. Idan kuma lens ɗin bai zauna daidai ba, yana danna kan tsinin, duk ƙiftawar ido gugarsa yake yi, har fatar wurin ta ƙuje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangaren a nan yakan fito ne daga ɗan akwatin da ake ajiye lens, wanda aka yi watanni ba a canza ba, ko daga ruwan wankin da ake ƙara sabo a kan tsoho, ko daga kwana da lens a ido, wanda shi kaɗai yake ninka haɗarin sau shida zuwa takwas. Bakteriyar da ta fi addabar masu lens ita ce sudomonas, ga ta da gaggawa: tana fitar da sinadaran da ke zagwanye kolajin, cikin kwana biyu ko uku tana iya huda koniya mai lafiya, balle siririya. Akwai kuma akantamiba, wata 'yar halitta da ke zaune a ruwan famfo da wuraren ninƙaya da ƙasa. Wanda ya ɗauraye lens da ruwan famfo, ko ya yi wanka da shi a ido, shi ya buɗe mata ƙofa.

Na biyu shi ne ƙaiƙayin ido na alaji. Tsakanin keratokonus da murza ido akwai tsohuwar alaƙa, kuma yaran da ke fama da matsanancin alajin ido suna cikin waɗanda cutar ta fi kamawa. In aka juya fatar idonsu ta sama, za a ga cikinta ya yi ƙulu-ƙulu kamar an jera tsakuwa. Waɗannan ƙululun suna goge koniya, suna kuma zuba mata sinadarai masu ƙuna, har wani faffaɗan miki mara zurfi ya fito a sashenta na sama, da wani farin ɓawo kwance a kansa. Saboda siffarsa ake ce masa gyambon garkuwa. Babu ƙwayar cuta a cikinsa tun asali, kumburi ne zalla.

Na uku ya fi ba da tsoro a ido, alhali sau da yawa ya fi sauƙi. Idan koniya ta miƙe ta kai maƙura, tantanin Descemet na baya yakan tsage, ruwan cikin ido ya kwararo cikin naman. Mutum ya kwanta lafiya, ya tashi ya ga idon ya yi fari fat kamar an shafa madara, gani ya ɗauke, ga zafi ga hawaye. Likitoci na kiran wannan haidurofs, kuma yana samun wajen mutum uku cikin ɗari na masu keratokonus, musamman samari masu yawan murza ido. Wanda bai san shi ba zai rantse gyambo ne ya cinye idon. Amma ruwa ne ba mugunya ba, kuma galibi cikin wata biyu zuwa huɗu tsagewar takan toshe, ruwan ya janye. Ana taimaka masa da ɗigon gishiri mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, da maganin kwantar da zogi, wani lokaci a yi allurar iska ko gas a cikin idon don ta danne tantanin ya koma mazauninsa, ko a sa 'yan ɗinki su matse shi. Haɗarinsa shi ne fatar sama takan yi bororo ta fashe, daga nan gyambo na gaske ya hau kai. Wani abin mamaki, tabon da yake bari wani lokaci yakan ja tsinin ya kwanta, har lens ya fi zama da kyau fiye da da.

Na huɗu, aikin likita ne da kansa. A 2003 Theo Seiler da abokan aikinsa a Dresden ta Jamus suka wallafa hanyar ƙarfafa koniya: a kankare fatar sama, a jiƙa naman da ribofilabin, wato bitamin B2, a haska masa hasken ultarabayolet na minti 30, zaruruwan su ƙulla da juna su yi tauri. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da aikin a 2016, kuma shi ne abin da aka tabbatar yana tsayar da ci gaban cutar. Amma a kwanaki uku zuwa biyar na bayansa ido a buɗe yake, ga lens na bandeji a kai, ga ɗigon sitiroyid, maganin kwantar da kumburi da ke danne garkuwar jiki. Ba kasafai cuta ke shiga ba, amma in ta shiga a wannan tsakanin takan yi ɓarna. Haka zobban roba da ake cusawa cikin koniya, in ɗaya ya turo waje. Haka zaren ɗinkin dashen koniya, in ya saki ya zama matattarar ƙazanta.

To, yaya ake rarrabewa? Mara lafiya zai ɗora haɓarsa a kan na'urar duba ido, likita ya tura wani siririn haske ya yanka koniya ta gefe, ya ga zurfin ramin da abin da ya rage na nama a ƙarƙashinsa. Sai ya taɓa idon da wata 'yar takarda mai rini ruwan lemo, ya kunna shuɗin haske: duk inda fata ta ɓare sai ya yi kore shar. In akwai huda, za a ga wani siririn ruwa yana gangarowa yana wanke koren. Zai duba ko mugunya ta kwanta a gindin baƙin ido kamar farin jinjirin wata. Siffar mikin ma tana magana. Na bakteriya yakan yi fari curi guda da kwantsa mai kauri. Na fangas, wato ƙwayar cuta irin ta fumfuna, gefensa buzu-buzu ne kamar gashin tsuntsu, da 'yan ƙananan ɗigogi kewaye da shi. Na bairas ɗin hafis yakan yi rassa kamar bishiya, idon kuma ba ya jin taɓi sosai. Na akantamiba kuwa, azabarsa ta fi abin da ake gani yawa: mutum na kuka da hawaye, likita na ganin ɗan abu kaɗan, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa a matsayin hafis a yi makonni ana maganin da ba shi ba.

Siffa dai zato ce. Tabbaci yana cikin kankara: a kashe zafin idon, a kankaro gefen gyambon da ɗan ƙarfe, a shafa a gilashi a duba a madubin likita, a shuka saura a ga abin da zai tsiro. A koniyar da ta sirance hannu na rawa wajen wannan aiki, amma in gyambon babba ne, ko a tsakiya yake, ko mai zurfi, bai kamata a tsallake shi ba. Shi ya sa ake so mara lafiya ya zo da lens ɗinsa da akwatinsa da ruwan wankinsa, kada ya zubar don kunya. Sau da yawa a nan ake kama ɓarawon.

Ba a jiran sakamako kafin a fara magani. Ana ɗauka bakteriya ce har sai an ga akasin haka, a fara ɗigon kashe ta mai ƙarfi, irin moksifuloksasin ko sifurofuloksasin, ko kuma in gyambon ya yi muni a haɗa biyu da aka ƙara wa ƙarfi musamman a ɗakin magani. Yadda ake ɗigawar ne mutane ba sa tsammani: kowace awa ɗaya, dare da rana, na kwana biyun farko. Ƙarfe ɗaya na dare agogo ya buga a tashi a ɗiga, ƙarfe biyu a sake, ƙarfe uku a sake. Hawaye na wanke maganin cikin mintoci, babu kuma jinin da zai riƙe shi a wurin, saboda haka yawan ɗigawar shi ne allurar. Wanda ya ga ba zai iya ba, ko ba shi da mai tashinsa, gara a kwantar da shi a asibiti. Ana ƙara ɗigon atirofin ko ɗan'uwansa don ya saki tsokar cikin ido zogi ya ragu. Lens kuwa an yi sallama da shi sai an warke sarai, kuma ba a rufe irin wannan idon da bandeji, don ɗumi da danshi abincin sudomonas ne. Bayan awa 48 ake sake dubawa. Ba a tsammanin farin ya ɓace. Abin da ake nema shi ne zafi ya ragu, gefen mikin ya daina faɗaɗa.

In fangas ne, sai natamaisin mai kashi 5 cikin 100. An taɓa zaton sabon magani borikonazol zai fi shi, sai wani gwaji da aka yi a kudancin Indiya a kan mutum 323, aka wallafa a 2013, ya nuna tsohon ya fi, musamman a kan fangas ɗin fusariyam: gani ya fi dawowa, huda ta fi ƙaranci. Makonni ake yi ana fama. Akantamiba ta fi su duka taurin kai, domin in ta ji wuya sai ta dunƙule cikin ɓawo ta yi likimo. Ana yaƙarta da ɗigon kulohekzidin ko wani makamancinsa, watanni a jere, wani lokaci har shekara. Hafis kuma da man asaikulobir ko ƙwayoyinsa.

Yanzu ga batun sitiroyid, wanda a ganina shi ne ya fi makantar da mutane a wannan babi. Mai keratokonus da ke da alaji kusan kullum akwai kwalbar sitiroyid a ajiye, ragowar wadda aka taɓa rubuta masa, kuma ya san daɗinta: ɗigo biyu, ja ya washe, ƙaiƙayi ya kwanta. A kan gyambon garkuwa, sitiroyid shi ne maganin ma, tare da kankare farin ɓawon, sannan a ɗora da saikulosiforin ko takurolimus don a daɗe ana riƙe alajin. A haidurofs ma yana da amfani. Amma a ɗiga shi a kan fangas, ko akantamiba, ko hafis mai rassa, an ɗaure hannun garkuwar jiki ne an bar cutar tana kiwo. Mugun abin shi ne idon zai yi sauƙi na kwana biyu ko uku, mutum ya ce ya samu lafiya, alhali ramin na zurfafa. Garin neman gira a rasa ido. Ko a gyambon bakteriya da aka tabbatar, wani babban gwaji a kan mutum 500, da aka wallafa a 2012, ya ƙara sitiroyid bayan awa 48 da fara maganin kashe ƙwayoyin, bai ga bambanci a gani ba bayan wata uku in aka haɗa kowa da kowa, sai dai alamar amfani ga waɗanda gyambonsu ya fi muni. Ke nan ko a hannun ƙwararre abu ne na aune-aune, ba na a ɗauko daga aljihu ba. Haka ɗigon kashe zafi da likita ke sawa kafin dubawa: wanda ya samu kwalbarsa ya riƙa ɗigawa a gida, fatar idon ba za ta rufe ba, naman zai yi ta zagwanyewa shi bai ji ba.

Idan naman ya fara narkewa, ana ba da ƙwayar doksisaikilin, ba don kashe cuta ba, don tana dakushe sinadaran da ke cin kolajin, a haɗa da bitamin C. In huda ta auku ƙarama, ƙasa da milimita biyu, ana toshe ta da gam na likita, ɗan'uwan gam mai kamawa nan take, a rufa lens na bandeji a kai, naman ya cike a ƙarƙashi gam ɗin ya faɗo da kansa. Ana kuma shimfiɗa tantanin da ke lulluɓe jariri a mahaifa a kan mikin da ya ƙi rufewa. In hudar ta fi ƙarfin gam, ko cutar ta ƙi jin magani tana neman gefen koniya, sai dashen gaggawa: a yanke wurin da ya ruɓe, a ɗinka koniyar mamacin da ya bayar da ita.

Akwai masu gwada hasken ribofilabin ɗin nan a kan gyambon kansa, da fatan ya kashe ƙwayoyin ya kuma taurara naman. Tunanin yana da daɗin ji, musamman ga mai keratokonus, kamar jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Sakamakon dai bai kai zaton ba: a gyambon bakteriya mara zurfi an ga alamun amfani, a na fangas wani gwaji a Indiya bai ga ƙari ba, har ganin waɗanda aka yi wa ya fi raguwa, a hafis kuwa hasken tayar da bairas ɗin yake yi. Ga kuma sharaɗin kauri, domin tsarin Dresden yana son a samu maikuron 400, abin da koniya mai tsini da rami a kanta ba kasafai take da shi ba.

Gyambo in ya warke yakan bar hakiya. In a gefe take, mutum na iya komawa harkarsa, sai dai a sake auna masa lens, don siffar koniyar ta canza. Da yawa ana mayar da su kan babban lens da ke zama a kan farin ido ya tsallake koniya gaba ɗaya, ana cika shi da ruwan gishiri mai tsabta. In a tsakiya take ta tare gani, sai a yi maganar dashe, amma a natse, bayan watanni, ido ya huce. Tun da Eduard Zirm ya yi dashen koniya na farko da ya kama a 1905, masu keratokonus suna cikin waɗanda aikin ya fi yi wa kyau, saboda koniyarsu ba jijiyar jini, jiki ba ya saurin gane baƙuwa. Gyambon da ya daɗe yana ci yana ɓata wannan gatan, domin yana janyo jijiyoyin jini su ratso cikin koniya, ta nan kuma jiki ke bi ya ƙi dashen. Idan tabon bai kai can baya ba, likita na iya canza naman gaba kaɗai ya bar wa mutum tantaninsa na Descemet, abin da ke rage haɗarin ƙin karɓa sosai. Idan haidurofs ya riga ya tsaga tantanin, ko gyambon ya huda, yawanci sai an canza kaurin duka, da ɗinkin da zai zauna a idon shekara guda ko fiye, da ɗigon sitiroyid na tsawon lokaci, wannan karon da izinin likita da sa idonsa.